Kwandon Kawu Tankari

Ƙarfe ɗayan dare a Tawa,
wuta ta dawo, fanka ta yi tari ta tashi,
ni da kwamfuta muna gyaran kwando.
Ba na kaba ba.
Wani ɗan zane ne a kusurwar allo
da maƙeransa suka ɗora bisa taya huɗu.
Na cire tayoyin. Wa ya taɓa tura cefane a kasuwarmu?

Kawu Tankari, mai kilishi da cuku da takalman fata,
ya leƙa da safe, ya kaɗa kai:
"Zuwera, ina wurin tayi?
Mutum ya ga farashi ya biya shiru
kamar wanda aka ci tara?"
Na ce injin bai san tayi ba.
Ya ce, "Koya masa. Ke da sani aka haife ki?"

Kwana uku ina koya masa baki.
Yanzu in ka taya da rowa, allo ya ce: Albarka.
Ka ɗora dala ashirin, ya ce: Ƙara dai.
Sai a karo na uku yake sallamawa.

Hajiya Tsahara ta ga ɗari biyar,
ta ɗauka dala ce, ta rantse an yi mata yankan kai.
Tun ranar kowane farashi harshe biyu gare shi,
na takarda a sama, na baki a ƙasa.

Gurbin adireshi na neman sunan titi da lambar gida.
Na share, na rubuta: Kwatanta mana.
Sai ga amsa:
bayan tasha, wuce mai faci,
gidan da bedi ya tsaga wa katanga,
ka tambayi uwar tagwaye.
Ɗan kabu-kabu bai taɓa ɓata ba.

Na saka gyara: wanda ya haura jikka biyar
ƙullin yaji ya faɗa masa kwando ba roƙo.
A kan bashi ne muka yi faɗa.
Ya ce a yi masa maɓalli, na ce a'a,
ya yi kwana biyu ba ya shan shayina.

Sai kwandon Alkasum.
Daga Abijan yake shigowa, kowace Juma'a da dare.
Cuku goma. Kilishi na jikka uku.
Takalmin mata, lamba talatin da takwas.
A kai wa wata tsohuwa nan cikin gari.
Ya zo har ƙofar biya,
ya tsaya,
ya fita.

Injin na da saƙon da yake aika wa irinsu:
Ka manta kayanka! Yi sauri, za su ƙare!
Na karanta wa Kawu, ya yi tsaki.
"Mantuwa? Wanda ya san lambar ƙafar uwarsa?
Aljihu ne, ƴar nan. Kar ki kunyata baƙo."
Na goge. Muka rubuta:
Ina gajiya, ina aiki? Kayanka na nan, ba gaggawa.

An tsara kwando ya zubar da kansa bayan kwana talatin.
Na nemo layin, can ƙasa,
na ƙara wa talatin sifiri.

Ana saura kwana huɗu salla, salula ta yi ƙara.
Ya cire cuku, ya cire kilishi,
ya biya takalmi kaɗai. Ko tayi bai yi ba.

Kawu ya sallami ɗan kabu-kabu, ya ɗaura rawani,
ya naɗe takalmin a takarda,
na gan shi yana cusa cuku biyu a gefe.
Na ce, "Bai kai jikka biyar ba, injin bai ba da gyara ba."
Ya ce, "Injin ne ya gasa cukun?"

Ya fita da ƙafa.
Ni ga ni nan, lissafi ya ƙi daidaita,
ina neman gurbin da zan rubuta cuku biyu.