Koko Biyu

Ranar da aka sallami Baba daga asibiti
likita ta ce jininsa ya yi ƙasa.
Ta rubuta ƙwayoyi kala uku, ta ɗago ta dube ni:
"Sauran maganin yana cikin tukunyarki."

Kashegari na sauka Farin Gada da sassafe,
raɓa ba ta gama bushewa a kan buhuna ba.
Kaka ta sauke kayanta babu rowa:
kabewa ta yi zaman mai jiran bashi,
dankalin Bokkos da jar ƙasar gonarsa a jiki,
gauta, karas, albasa mai lawashi,
yakuwar da tsaminta ke tsinka yawu tun daga nesa.
Ngo Kangyang ta auna mini acca, mudu ya yi tozo,
ta ƙara tafi guda.
"Wannan na mai jinya ne, kada ki ce komai."

Acca ba ta son mai gaggawa.
Na tsuguna bakin famfo da ƙwarya biyu
ina regaya, yatsuna sun ƙage don sanyi.
Baba ya leƙo ta taga, cikin bargo, ya yi murmushi:
shekara talatin ya yi yana wanke kuza a Dilimi
da irin wannan juyin hannun.
Shi abin da ya nutse yake ajiyewa,
ni abin da ya nutse nake zubarwa.

Ƙashin ɓargo ya daɗe a wuta,
na sa daddawa, na sa dakakkiyar gyaɗa,
kabewa ta narke har ta manta kamanninta.
Gwate ya yi, ƙamshi ya tsallaka katanga.
Cokali uku ya ci.
Ya ture kwanon.
Na juya baya ina gyara itacen da ba ya buƙatar gyara.

Daren Laraba motar Kawu Sallau ta dawo daga Ikom
da taɓon kurmi har gilashi.
Ya miƙo mini gwangwani: "Garin koko ne, dama wa yayana."
Baba ya ji an ce koko, ya fara cigiyar ƙosai.
Da na kawo kofin ya leƙa ciki, ya daɗe,
ya ce, "Tasalla, wa ya ƙona wannan kokon?"

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
Ya ce wannan a jikin kututture yake fitowa,
cikin inuwa, maƙwabcin goro ne,
ana shanya ƙwayarsa a bakin titi kamar barkono.
Baba ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya sake kurɓa.
"Ɗaci ne, amma mai mutunci."

Na koyi hannunsa a hankali:
madarar Vom, ɗan zuma, citta kamar ƙumba,
kada a bari ya tafasa ya yi fushi.
Da asuba farin koko na gero,
da dare baƙin koko na kurmi,
tsakaninsu duk abin da kaka ta bayar.

Ban san wanne ya yi aikin ba,
ƙwayoyin likita, ko ɓargo, ko gwangwanin Kawu,
ko addu'ar mutanen Gangare.
Na dai san ranar da ya kankare ƙanzon tukunya da kansa
ya ce gishiri bai ji ba.
Wata biyu rabon da ya kushe girkina.
Na shiga madafa na yi kukan da na ɓoye tun asibiti.

Yau sandarsa na jingine bayan ƙofa,
shi yana masallaci.
Na wanke 'ya'yan kabewar nan,
na shanya su a kan kwanon ɗaki, saboda baɗi.