Tafinta na Sol Talatin da Biyar

Rumfata ce ta uku in ka hawo matakala
a Titin Wilson, inda Lima ke kawo injinanta marasa lafiya.
Ranar ana yayyafin nan namu
da ba ya jiƙa ƙasa, sai kafaɗa.

Don Melquíades ya shigo yana haki,
rungume da tsohon allon kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya
kamar mai kai tunkiya wurin likita.
Jikarsa Zoraida na biye da sabon akwati,
baƙi, siriri, ko yatsa bai taɓa ɓata shi ba.

Ya ce, shekara ashirin allon nan bai yi mini ƙarya ba,
ba zan yar da shi don an yi baƙo a gida ba.

Na kama wutsiyar allon na duba:
kai shuɗi, haƙora goma sha biyar a layi uku,
kusoshi biyu na murɗawa a gefe.
Na juya bayan akwatin: farin baki, ramuka reras.

Zoraida ta zaro ɗan adafta daga aljihu.
Sol biyar na saya a bakin titi, in ji ta,
ya shiga daram,
amma allo baƙi ƙirin.

Na ce, 'yata, baki ya shiga baki,
magana ce ba ta wuce ba.
Kin ga wannan tsaga mai faɗi a gefe?
Da akwai ƙananan ramuka huɗu kewaye da ita,
da tsohon yare ya samu ƙofa.
Babu su. An gina gidan ba tare da ita ba.

Allon kakanki murya yake ji,
mai hawa, mai sauka, mai rawa a tsakani,
ja da kore da shuɗi kowa da jijiyarsa.
Akwatinki kuwa ƙidaya ya iya:
e, a'a, a'a, e,
sau miliyoyi kafin ki ƙifta.
Abin sol biyar bututu ne kawai,
bututu ba ya fassara.

Na sauko da tafinta daga ƙusa,
ɗan abu kamar kwalin ashana,
mai ƙwaƙwalwa a ciki, mai cin wutarsa daban.
Hanya ɗaya ya sani, daga ƙidaya zuwa murya.
Ka juya shi, ya yi maka gum.

Muka jona. Allo ya yi tari, ya yi ƙara, ya buɗe ido,
sai dai komai ya fito ruwan hoda:
haƙorin kore ya lanƙwashe.
Na miƙe shi da bakin fensir, a hankali,
ina riƙe numfashi, don in ya karye shi ke nan.

Sai ga gonar dankali a kan tudun Ayacucho,
kore shar,
da wata mata mai faffaɗar hula tana kare rana da hannu.

Tsohon ya yi magana da harshen Kecuwa, ƙasa-ƙasa.
Zoraida ta dube shi, ta dube ni.
Me ya ce?

Ni ma rabin yaren na gada,
abin da uwata ta bari a kicin kafin ta daina.
Na ce, yana cewa kakarki ce, shekarar da aka yi ruwa sosai.
Akwai wata kalma a ƙarshe da ban kama ba.
Ban faɗa mata akwai ba.

Hoton ya ɗan zame hagu, gefen hular da 'yar inuwa.
Na kai hannu zan danna maɓallin gyara,
ya riƙe mini wuyan hannu.
Ya ƙirgo sol talatin da biyar, duk tsaba,
ya murɗa kusoshin nan biyu da kansa
har sai da suka ƙi juyawa.