Gwiwar Hannun Tamaz

Shekara ashirin da shida Tamaz na sunkuyawa
cikin tanderun unguwar Avlabari,
yana manna kwaɓi a bangon wuta,
ɗari uku kafin Tbilisi ta farka.
Ba wutar ce ta kā da shi ba.
Kofin shayi ne, wata Talata:
ya ɗaga, gwiwar hannu ta ce a'a.

Likita Eteri ta danna ɗan ƙashin gefe,
ya ga taurari da rana tsaka.
Ta ce jijiya ce ta gaji da bin bashi,
kullum ana ci, ba a biya.

Ta ɗaura masa ɗamara ƙasan gwiwa,
ta ce ƙanƙara a tawul in zogi ya taso,
sai gwangwanin wake guda:
ɗaga da hagu, sauke da dama,
sannu, kamar mai kwantar da jinjiri.
Sha biyar, sau uku. Gobe ma haka.

Mai cicciɓar buhun fulawa
ga shi bakin taga yana lallashin gwangwani.
Gela, ɗan ƙanwarsa, ya karɓi tanderu,
burodi na fitowa da ƙonannen kunne.
Tamaz ya ciji leɓe.

Mako na biyar ya saci jiki ya yi kwaɓi.
Kwana huɗu yana biyan tara.

Inabi ya nuna, aka tsinke, ganye ya zube.
Ran da dusar ƙanƙara ta fara sauka
ya murɗa makullin shago,
ya kunna fitila,
sai da ya kai hannu ga fulawa
ya tuna bai ji komai ba.