Minti Biyu na Duhu

A ɗakin ƙasa na gidan gwaggon Delbert, can Zanesville,
muka haɗa fim ɗin tsoro da kuɗin babur ɗinsa.
Kyamara ta aro. Fitila ɗaya, tana kiftawa.
Jinin kuwa ruwan sukari ne da jar kala,
ƙudaje sun fi mu son sa.

Lorna ta sa rigar dodo,
zif ɗin baya ya ƙi rufuwa.
Mai ihu ya kurma ihu tun ba a taɓa shi ba.
Babu kuɗin sake ɗauka, muka bar shi haka.

Sai fitilar ta mutu.
Delbert ya ce, "Kar a tsaya."
Minti biyu na duhu: numfashin Lorna,
da kukan matakala ƙarƙashin ƙafar da ba a gani.

Ranar nuni, mutum sha tara a zauren coci.
Sun yi dariyar zif har da hawaye.
Da aka iso duhun nan
ba bakin da ya tauna gugguru.
Gwaggo ta damƙe hannuna, farcenta ya bar shaida.

Talauci ya ɓoye mana dodon,
kowa ya ƙera nasa.
Har yau gwaggo ba ta sauka ɗakin ita kaɗai.