Jan Lauwali

Lauwali baduku ya shigo shagona a Mabera da hantsi,
jakunkuna uku a hammata, warin bagaruwa na biye da shi.
"Ɗaukam min su hoto. Wata hajiya ta Legas ka son gani."

Fatar jar akuya ce, karan dafi ya rina ta.
Na shimfiɗa farin yadi a gindin taga,
na ɗauka, na duba, na sake ɗauka,
har jan ya zauna a kwamfuta yadda yake a hannu.

Sai tambayar nan ta kullum ta fito:
da wane mudu za a auna launi?
Ga Adobe RGB, babba, mai ɗiban kore har ya yi tozo.
Ga sRGB, ƙarami, wanda kowace waya ta sani.

Kwaɗayi ya ja yatsana.
Na zaɓi babban, na aika.

Bayan la'asar ya dawo, sallamarsa a gajarce,
ya aza waya a kan tebur.
Jan ya koɗe kamar tukar goro,
kamar fatar da aka manta a kan danga.
"Ta ce tsohon kaya na.
Shekara talatin nike wanga aiki,
ban taɓa hidda wanga launi ba."

Na so in ɗora wa wayar laifi.
Sai na tuna gwaggona Tumba mai awon gero,
da ba ta yarda a auna da kwanon gida
a kira kuɗin kasuwa.

Na koma ga hoton asali, wanda ban taɓa ba,
na juye shi cikin ƙaramin mudu,
na liƙa masa shaida a ciki
don duk inda ya sauka a san da me aka auna.
Koren zaren bakin jaka ya ɗan ragu.
Ni kaɗai na lura, kuma ya ɗan yi mini ciwo.

Babban na adana shi
sai ranar da za a buga a takarda,
a injin da ke jin yarensa.

Lauwali ya ɗaga waya da dama, jaka da hagu,
ya fita bakin ƙofa inda rana take,
ya daɗe yana kallo.
"Ya yi kusa," in ji shi.

Kuɗin aiki kuma, wai sai hajiya ta amsa.