Hawayen Ɗakwara

Zuwaira ta dawo daga lakwal da la'asar,
alli a gefen zanenta, kaye a hammata,
ta iske ni bakin zaure ina tsintar ƙaro,
ina ware mai haske daga wanda ƙasa ta ɓata.
Ta ce, "Baba, yau Mushe Labo na Ingilishi
ya ba mu kalma, baƙi biyu da wasali ɗaya,
sap,
kamar ƙarar takalmi a cikin taɓo.
'Yar mitsitsiya ce, amma da kaya a kanta."

Na ce, to sauke mini su.

"Na farko, ruwan da ke gudu cikin itace
daga saiwa har ƙarshen reshe, ido bai gani."
Na yi dariya. Wannan ma sai an je lakwal?
Shekara talatin ina tsaga ɗakwara arewa da Tibiri,
in ɗauke ɓawo tsawon tafin hannu, ba ƙari,
in tafi, in ba ta sati uku ta yi kukanta,
in dawo in iske hawayen sun daskare,
dunƙule-dunƙule, ja-ja, kamar zuma a rana.
Na san nonon tumfafiya da ba ya shiri da ido,
na san danƙon gamji da yara ke ɗana wa tsuntsu,
na san ba a maimaita tsaga a kan tsohon miki.
Wanda ya yi haka, baɗi da gatari zai koma,
ƙwarya ba ta da sauran aiki.

"Na biyu," ta ce, yatsa a kan layi,
"a tsotse ƙarfin mutum sannu a hankali,
ba duka, ba zagi, kamar gara a jikin azara."
Nan dariyata ta koma ciki.
Jika arba'in na karɓa gun Alhaji Barmo
daminar da uwarta ta kwanta asibiti.
Muka yi da shi zan biya da abin da daji ya ba ni.
Rani uku ke nan ina kai buhu shagonsa,
yaronsa ya cika tiya har ta yi tozo,
ni na kawo ƙaro, shi yana cewa ƙaro,
a buɗe littafi, a ce da saura.
Kullum da saura.
Gwiwata ta san wannan ma'anar tun kafin Mushe.

Sai ta rufe kaye. Ta ce, "Shi ke nan."
Ban yi boko ba, amma na iya ƙirga:
layi uku na gani, ta karanta biyu.
Na ce, Zuwaira.
Ta dubi akuya, ta dubi randa, ta dubi ƙafarta.
Ta ce, "Na uku... wawa.
Wanda ake cuta, yana godiya."

Kaza ta ratsa tsakaninmu, ba wanda ya kore ta.

Ashe ran Juma'a, da ta raka ni kasuwa,
ina waje ina ɗaure bakin buhu,
ta ji yaran shago na cewa,
"Tsohon nan ko lissafi bai taɓa tambaya ba."
Ashe tun bara take bin tiyoyina da biro
a shafin ƙarshe, inda Mushe ba ya dubawa.
Ta juyo mini shi: zane-zane, biyar-biyar,
kamar tsagar da nake bari a jikin ɗakwara.
Ta ce, "Baba, bashin ya mutu tun azumin bara.
Gawarsa kake ciyarwa."

Ban ce komai ba.
Shafin ya kusa rabuwa da 'yan'uwansa,
zare ɗaya ke riƙe da shi.
Na zaɓi ƙaro mafi haske a cikin faifai,
wanda da Alhaji zai fara ɗauka,
na jiƙa shi a murfin kwano,
na shafa da ɗan yatsa, na manne shafin,
na ɗora dutsen niƙa a kai.
Na ce, kar ki taɓa, bari ya sha iska.
Jibi Litinin, kasuwa na ci.
Ki roƙi Mushe Labo ya ba ki safiyar.