Darasi na Sha Huɗu

A Kasala, bayan La'asar,
gindin wata bishiyar maina, kusa da gadar Gash,
Ustaz Mahjub ya jingina allo da buhun gawayi
ya ce yau za mu koyi sunayen da Bature ke kiran fim
idan ya cinye uwar kuɗi ya kwanta.

Mu bakwai ne a benci.
Ba mu muka zaɓi darasin ba.
Littafin ne ya iso daga Hartum da rabin shafukansa,
gaisuwa ta ƙone, cefane ya ƙone,
wannan ne ya tsira.

Fulof, in ji shi. Mu maimaita.
Fulof.
Ya tsoma hankicinsa a ruwan tulu ya sake shi ƙasa,
ya faɗi yaraf.
To, wannan ƙarar, ita ce kalmar.

Ta biyu, taki.
Zinatu mai shayi ta ɗaga hannu:
Ustaz, ai taki gona yake gyarawa.
Ya ce a'a, talo-talo ake nufi.
Muka kwashe da dariya har jabana ta zube.
Me talo-talo ya tsare musu?
Tsuntsun da ko a mafarki
bai shiga tukunyarmu ba tun bara waccan.

Ta uku ya rubuta bai furta ba.
Haruffa huɗu, na ƙarshen ba a faɗinsa.
Bam.
Wai fim ya yi bam, wato kujeru babu kowa.
Yaron da ya zo daga Umdurman,
wanda kunnensa na hagu ya daina aiki,
ya kalli allon, ya kalli dutsen Taka.
Ya ce, can ƙasar tasu,
bam ɗin nasu kuɗi kawai yake ci?
Ustaz ya goge da hannun jallabiyarsa.
Ta huɗun tanki ce. Ya tsallake ta.

Ni kuwa hankalina yana kan Sammani, wana.
Shekaru shida ke nan
ya sayar da awakin Inna guda biyar,
ya ari kyamarar masu ɗaukar biki,
ya shirya fim da Hausarmu ta nan,
mai gauraye da Larabci kamar fate.
Labarin wani mai keken jaki ne da ya tsinci jakar kuɗi.
Aka ɗaura zanen gado a bangon makaranta.
Mutum goma sha ɗaya suka zo,
huɗu suka biya,
janareta ya mutu kafin a mayar da jakar.
Har yau akwai masu tare shi a kasuwa:
wai ya mayar, ko ya ci?

Na auna masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya
kamar mai gwada takalmin gwanjo.
Fulof ta yi masa laushi.
Talo-talo ya fi ƙarfin aljihunsa.
Ta ukun kuwa ba zan ɗora wa ɗan'uwana ba
ko da wasa.

Da za mu tashi na tambaya,
Ustaz, idan ba riba ba asara fa?
Ya ɗaga shafin ga sauran hasken rana,
inda wuta ta lashe gefe,
ya ce akwai, burek ibin,
uwar kuɗi ta dawo gida ita kaɗai, ba 'ya'ya.

Ita na rubuta a tafin hannu.
Da dare Inna tana juya kisra ta ce, me aka koya?
Na karanta mata.
Ta ce a faɗa wa Bature ta ji,
amma awakinta biyar ne,
kuma ɗaya tana da ciki.